Tsofaffin kujerun katako marasa hannu, in saya ko in haƙura?

Malamin Firamare, ƙauyen Ringim

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya, ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen kafintoci da duk wanda ya saba sayen tsohon kaya.

Bana Allah ya nufa na ƙarasa ɗan ɗakin baƙin da na fara tun kafin ambaliyar 2022, ƙarami ne ƙafa 10 da 12, in na ce zan zuba kushin saiti guda to ko wajen shimfiɗa darduma ba zai ragu ba, kuma kun san mu nan ɗakin baƙi shi ne wajen sallah in ana ruwa shi ne wajen cin abinci shi ne kuma wajen karatun yara da daddare. Kujerun roba kuwa sun ishe ni, uku na saya cikin shekara biyu duk rana ta gasa su, ta ƙarshen ma da baƙo a kai ƙafar baya ta baje, Allah dai ya kiyaye bai ji ciwo ba.

Akwai kujeru biyu na marigayi mahaifinmu, na katako marasa hannu, bayansu a miƙe da katakai uku a gicciye. Tun yana aiki a En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin da, ya same su, ni dai na taso na gansu a zaure kuma har yau ko ƙara ba sa yi in an zauna. Su nake so in samo wa 'yan uwa kamar guda huɗu, don mara hannu ba ta cin waje, ka jera su jikin bango in baƙi sun tafi ɗaki ya koma fili.

To satin da ya wuce na shiga Kano wani dillali ya nuna min guda shida, ya ce daga gidan Turawan reluwe suka fito sun haura shekara 100, kowace ɗaya N18,000 kuma ba ya rabawa sai dai a kwashe duka. Baƙi-baƙi ne suna sheƙi, mazaunin an rufe shi da jar leda da laushi. Biyu suna ɗan girgiɗi, ɗaya kuma na ga 'yan ƙananan huji a ƙarƙashinta kamar an soka allura, da na yi magana ya ce ai duk tsohon katako haka yake. Gaskiya sun shiga raina amma kuɗin ba kaɗan ba ne a wajena. Ta yaya ake gane tsohuwar gaske? Girgiɗin nan yana gyaruwa? Hujin fa?

Tsohon Kafinta, Dambatta

Wa alaikumus salam. Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a ɗaki, Allah ya jiƙan mahaifi.

Kar ka biya ko kwabo sai ka koma ka kifa kujerun nan ɗaya bayan ɗaya. Kujera a ƙarƙashinta ake ganin gaskiyarta, saman kowa zai iya shafa masa banish ya yi ƙyalli. Na fi shekara 30 ina wannan sana'ar, kuma abin da na fi gyarawa shi ne kujerar da aka saya don sheƙi.

Zan fara da hujin don shi ya fi tayar min da hankali. Ba tsufa ba ne, ƙwaro ne, irin wanda yake shiga katako ya yi ta ci daga ciki yana fitar da gari. Ka tafi da baƙar leda ko baƙin ƙyalle ka shimfiɗa a ƙasa, ka ɗora kujerar, ka bubbuga wajen hujin da bayan wuƙa ko mabuɗi. In wani gari mai laushi fari-fari kamar fulawa ya zubo, kuma bakin hujin fari ne tas, to yana ciki da ransa, ka barta. In hujin ya yi duhu kuma ba abin da ya zubo mai yiwuwa ya ci ya tafi tuntuni, sai ka danna wajen da ƙusa ka ji ko ya rube. Ka tuna in ka kawo mai ƙwaro gida ba ita kaɗai za ta tafi ba, zai iya komawa kan wasu katakan gidan har na rufin ɗaki, wannan asarar ta fi N18,000 nesa ba kusa ba.

Sai katakon kansa. Nemi wajen da ba fenti a ƙasan mazauni ka danna farcen babban yatsanka da ƙarfi. In farce ya shiga ya bar shaida to katako ne mai laushi irin su obeche ko malaina, an dai rina shi ya yi duhu. Obeche fari ne mara nauyi, ƙwaro kuma yana sonsa kamar me. Madaci ja-ja ne da nauyi, iroko da ake kawowa daga kudu yana farawa ruwan ɗorawa ya koma ruwan ƙasa mai duhu in ya kwana biyu, kuma gara ba ta cika damunsa ba. Ƙirya ba a cika yin irin wannan kujerar da ita ba don taurinta yana cinye bakin zarto, ita sai turmi da taɓarya da gawayin maƙera, amma in ka dace da ita ka riƙe gam. Ka ɗaga kujerar baba ka ji nauyinta a hannunka kafin ka tafi, sai ka gwada da na dillalin, hannu ba ya ƙarya.

Maganar girgiɗi kuma ya danganta da yadda aka haɗa ta. Aikin da, ana fafe rami a jikin ƙafa a sassaƙe kan ɗaya katakon ya shiga ciki daram, a sa gam, wani lokacin a huda a buga ɗan fegi na itace ya riƙe. Irin wannan in ta yi girgiɗi ba komai ba ne, hunturu ne, katako yana tsukewa in iska ta bushe gam ya saki, in damina ta zo kuma ya kumbura. Kafinta zai zare ta a hankali ya kankare tsohon gam ya sa sabo, ya ɗaure ta da robar tiyub ta kwana, shikenan ta koma kamar yau aka yi ta. Amma fa in ka ga ƙusa ce kawai aka bi aka narka ta kowane gefe, ko an ɗora ɗan ƙarfe a kusurwa an ɗaure, ko kan katakon da ke shiga ramin ya karye a ciki, to kuɗin gyara zai kusa kuɗin kujera. Kuma don Allah kar kowa ya buga wa kujera mai girgiɗi ƙusa, tsaga katakon take yi, bayan wata biyu girgiɗin ya dawo ya ɗara na da.

Mara hannu tana da wani rauni da mutane ba su lura da shi ba. Mai hannu, hannun yana ɗaure baya da gaba. Ita kuwa duk nauyin jingina yana sauka ne a mahaɗa biyun nan inda mazauni ya haɗu da ƙafafun baya. Nan za ka fi dubawa. Ka dafa gwiwarka a kan mazaunin ka kama bayanta ka tura ka jawo, in ka ga tsaga tana buɗe baki a wajen to ba ta da sauran kwana. Ka fi son wadda ƙafar baya da majingina katako ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, da kuma wadda take da sanduna a tsakanin ƙafafu.

Tsufan gaske kuma ba a ko'ina yake nunawa ba, sai inda jiki ke gogawa. Sandar gaba da ake ɗora ƙafa za ka ga ta lotsa a tsakiya, saman majingina inda ake kamawa a ja ya yi santsi, gindin ƙafafu ya cinye ba daidai ba. In kujera ta yi baƙi bai ɗaya daga sama har ƙasa har cikin lungu, ka shinshina, wasu baƙin mai suke shafawa.

Uwar Biyar, Kafin Hausa

Baba kafinta ya gama magana a kan katako, Allah ya ƙara girma. Ni abin da zan ƙara na cikin gida ne.

Malam wannan jar ledar mai laushi ita ce abin tsoro wallahi. Na taɓa sayen kujeru biyu a hannun wata dillaliya, masu kyau da su mazaunin yadi ne mai fulawa, ko sati biyu ba a yi ba yara suka fara susa da dare, da na ɗaga bakin yadin ta ƙasa wajen da aka ninke sai ga kuɗin cizo jere da ƙwansu da baƙin ɗigo-ɗigon kashinsu, kafin mu ankara sun shiga katifa sun shiga tsagar gado, mun fi wata uku muna fama. Tun daga nan duk tsohuwar kujerar da za ta shigo gidana sai an yaye ledar da soson an ƙona a waje, katakon zalla a zuba masa tafasasshen ruwa a mahaɗai in ba mai gam ba ne, ko a naɗe shi cikin baƙar leda a bar shi a rana kwana da kwanaki, zafi yana kashe su. Sabon soso da yadi ba tsada ne da su ba in aka kwatanta da wahalar. Kuma kar a ce za a feshe ɗaki da maganin ƙwarin gona a rufe ƙofa yara na kwana a ciki, mutane sun rasa rai ta haka.

Ni da za ka ji ta tawa ma ka nemi masu mazaunin katako zalla irin na babanku, in ana son laushi a ɗinka ɗan matashi a ɗora, in ya yi datti a cire a wanke. Ga ƙura ga yara ga miya.

Sannan ka zauna a kai da kanka kafin ka saya, ka daɗe, kar ka ɗan ɗosana ka miƙe. Ƙafarka ta taka ƙasa sosai, bakin mazaunin kar ya danne bayan gwiwa. In ka samu dama ka tafi da maiɗakinka ita ma ta zauna, don mu mata da zani mara hannu ta fi mana daɗi, ba abin da zai kama mayafi, kuma za ki iya juyawa gefe ki ba yaro nono ko ki sauke goyo. Amma in akwai tsohuwa a gidan ka bar mata ɗaya mai hannu ko 'yar tsugunno kusa da bango. Surukata in ta zauna a mara hannu sai an kama ta take tashi saboda gwiwa, ba abin dafawa.

Kuma tunda ɗakin sabo ne, in daɓe ne ba siminti ba kar ka bar su manne da bango da damina, gara ta ƙasa take bi ta hau ƙafa cikin dare ɗaya. A riƙa ɗaga su ana shara kullum.

Ɗan Birnin Kudu

Salam. Malam bari in taɓa maganar shekara 100 ɗin nan don ita ce aka ɗora kuɗin a kanta.

A kasuwar tsofaffin kaya ta Turai da Amurka abin da ya cika shekara 100 shi suke kira antik, wanda bai kai ba amma ya haura kamar shekara 20 suna da wani sunan dabam da suke ba shi, farashinsu ma ba ɗaya ba. Kujerun mahaifinka tunda zamanin En'e ne, kuma an rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, to suna cikin kashi na biyu kuma ba abin rainawa ba ne. Yawancin tsofaffin kujerun da ke yawo a ƙasar nan na tsakanin 1950 da 1980 ne a ganina, na ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, da waɗanda aka saya lokacin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata na 1974.

Labarin reluwe ba abu ne da ba zai yiwu ba, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya bi ta Ringim ɗinku da Gagarawa da Malam Madori an gama shi a 1930. Amma labari dabam shaida dabam. Kayan gwamnati da na kamfani sau da yawa ana buga musu hatimi ko a rubuta lamba da fenti a ƙarƙashin mazauni, ka duba. Ka duba ƙusoshin murɗawa kuma, na da tsaga ɗaya ce a kansu, mai kan sita, wato mai tsaga biyu a gicciye, sai a shekarun 1930 aka fara yinsa kuma ya daɗe kafin ya yaɗu a nan. Soso ma haka, kujerar shekara 100 da auduga ko audugar rimi ko gashin doki ake cusa ta, kamfanin Vitafoam ma a 1962 aka kafa shi. Sai dai a yi adalci, ana iya canja mazauni daga baya, don haka soso shi kaɗai ba zai ƙaryata mutum ba. In dai ka ga jikin kujerar kanta da sita aka haɗa shi kuma ba tsohon rami a gefe, magana ta ƙare.

Akwai wata iri da za ka iya cin karo da ita, mai zagayayyen mazauni da baya lanƙwasasshe kamar baka, ba sassaƙa ta ake yi ba turara itacen ake yi da tururi a tanƙwara. Asalinta wani Bajamushe ne Michael Thonet da ya yi aiki a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya fito da mai lamba 14 a 1859, guntu shida ne kawai ake haɗawa da ƙusoshin murɗawa, shi ya sa ake tura ta ko'ina a duniya a warware cikin akwati, an sayar da miliyoyinta kuma kamfanoni da yawa sun kwaikwaya. Ba ta da nauyi ko yaro zai ɗauka, ga kyau a ƙaramin ɗaki, amma itacen Turai ne ƙwaro da gara ba sa raga masa, kuma in saƙar mazaunin ta yage samun mai saƙa irinta a ƙauye aiki ne.

Abu na ƙarshe, in kujera tana da tsohon fenti mai ɓarewa kar ka goge shi a bushe a tsakar gida. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a cikinsu, ƙurar tana cutar da ƙwaƙwalwar yara, duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba wasa ba ce, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. A jiƙa, a kankare a waje nesa da yara, a tattara a binne.

Mai Walda, Gujungu

Ni dai ra'ayina dabam ne ku yi haƙuri. N108,000 a kan kujera shida tsofaffi, ga kuɗin mota daga Kano ga na kafinta ga soso, haba Malam. Da kuɗin nan za a yi maka na ƙarfe a saƙa da igiyar roba, ba ruwanka da gara ba ruwanka da kuɗin cizo, in igiya ta tsinke a sake. In kuma katakon kake so ka ɗauki ɗaya ta baba ka kai wa ƙwararren kafinta, ku je 'Yan Katako ta Na'ibawa ku zaɓi busasshen madaci ya kwafa maka irinta sak.

Amma in tsohuwar ce dole, me ya kai ka birni? Gidajen tsofaffin hedimastoci da malaman gona da na asibiti a nan karkara cike suke da su, an jibge a rumfa kaji na kwana a kai. Ka yi cigiya a masallaci da majalisa.

Malamin Firamare, ƙauyen Ringim

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba kafinta na bi maganarka tiryan-tiryan.

Ranar Asabar na koma da baƙar leda a aljihu. Da na kifa wadda take da hujin na buga sau uku gari ya zubo har ya yi ɗan tudu a kan ledar, na gwada ta kusa da ita ita ma haka, alhali ban ma ga hujinta ba ranar farko don yana cikin lungun ƙafa. Farce kuma ya shige kamar sabulu, cikin katakon fari ne. Ɗan uwa na Birnin Kudu, duk sita ne daga sama har ƙasa, lamba ko hatimi babu. Na yi wa dillalin godiya na ce ba su yi min ba, ya sauko har N12,000 na ce ya yi haƙuri.

Mai walda kai ma maganarka ta yi amfani. Na yi zancen a majalisa bayan la'asar sai wani dattijo ya ce in je gidan marigayi tsohon hedimastanmu, wanda shi ya koya min karatu a aji uku. Iyalinsa suka fito min da guda uku daga ɗakin ajiya, sun yi ƙura sun yi yana, ɗaya ma an ɗora buhun gyaɗa a kai. Ba irin na babanmu ba ne sak, nasu katakai biyu ne a baya ba uku ba kuma sun ɗan fi faɗi, amma ja ne mai nauyi, ga fegin itacen nan da Baba ya faɗa ana ganinsa a gefen ƙafa kamar ɗan ido, sandar gaba ta lotsa daidai inda yake ɗora ƙafa in yana duba littattafanmu. Mazaunin katako ne zalla, Hajiya hankalinki ya kwanta, duk da haka suna rana tun jiya. Da farko sun ce kyauta in ɗauka, na ce a'a akwai marayu a ciki, aka kira babban ɗan aka yi ciniki na biya.

Saura abu ɗaya Baba. Ɗaya daga ciki ruwan ambaliya ya taɓa ta, akwai shaidar ruwa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kuma gindin ƙafar baya ta hagu ya ɗan rube kamar faɗin yatsa biyu har tana ɗingishi. Kafintan garinmu ya ce a yanke duka huɗun a daidaita, ni kuma na auna daga ƙasa zuwa mazauni inci 18 ne, ina tsoron in aka rage ta yi ƙasa da yawa a gaban tebur. A yanke ne ko a yi wa ƙafa ɗayar ƙari?